Kwandon Mama Magdalena

Duk Jigwada an san idan ruwa ya kwana yana zuba, da sassafe Mama Magdalena za ta ɗau kwando ta nufi makiyayar bayan gari neman naman kaza. Tun rasuwar mijinta wannan fitar ce kaɗai ta rage mata, kuma da ita take taƙama.

Abin da ba a sani ba, tun bara yanar ido ta fara rufe mata gani. 'Yarta Judit ce ta lura, ranar da ta ga wata iri a kwandon, fara tas kamar ta kirki, amma in an karce gindinta da farce sai ya koma rawaya, ga wari kamar maganin asibiti. Ba ta kisa, sai dai ta wahalar da ciki. Judit ba ta da zuciyar faɗa wa tsohuwa. Kullum sai ta karɓi kwandon da sannu da aiki, ta zagaya bayan ɗaki ta tsince munanan ta binne, tana ganin ta iya dabara.

Ranar Asabar, kafin ta iso gida, Mama ta biya ta shagon Modupe, maƙwabciyarsu mai ciki, ta juye mata rabin kwando kyauta. Kafin la'asar Modupe na kwance a asibiti, amai kamar za ta fitar da hanjinta. Allah ya sa cikin bai taɓu ba.

Judit ta dawo daga dubiya kunya da nadama sun cika ta. Ta tarar da Mama na rantsuwa cewa ita ba ta taɓa tsinko mugun abu ba, sai dai in man jan Modupe ne ya lalace. Jin za a ɗora wa marar lafiya laifi, Judit ta durƙusa ta faɗi komai.

Mama ta dube ta ta ce:

"Ashe tun bara nake kawo wa jikokina guba, ke kuma kina min sannu da aiki."

Washegari an tashi da ruwa, Mama ba ta fita ba. Da rana Judit ta same ta tsaye gaban tukunyar miya da abu a tafin hannu, ta kasa zubawa.

"Judit, zo ki duba min. Wannan gishiri ne?"