Wayar da Na Ajiye Ranar Talata

"Ajiye wayar nan, Abiba," in ji Baba Kassim. Ya riƙe mini hannu, yatsunsa sanyi ƙalau.

Shekara takwas ƙofata na kallon tasa a hawa na huɗu na wani bene a unguwar Morris Heights. Direban tasi ne, mutumin Kumasi. Matarsa ta rasu tun 'yarsu Fusena tana firamare. A lokacin zafi na 1994 ciwon hanta ya kwantar da shi, asibiti suka sallamo shi, suka ce babu sauran abin yi. Ni nake jinyarsa.

Fusena tana Atlanta, tana karatun tattalin arziki a wata jami'ar baƙaƙen fata. Cikin ɗalibai sittin, uku farfesa ya zaɓa su yi bincike tare da shi kan abin da ya sa abinci ya fi tsada a unguwannin baƙaƙe, har da ita. Ranar Juma'a za ta tsaya gaban malamai ta yi bayani.

"Baba, yau fa Talata. Jikin nan ba zai jira ba."

"Zai jira. Sati takwas tana zaga kantuna a ƙafa. Kina kiranta, yau za ta hau bas. Ki bar mini yarinya ta gama."

Na ajiye.

Ranar Laraba Fusena ta kira da kanta. Na tallafe masa kai, ya gyara murya. "Mura ce kawai. Ranar Juma'a ki ɗaga murya, kar ki riƙa kallon ƙasa." Kafin su yi sallama gumi ya jiƙe matashin.

Juma'a da hantsi ya cika, ina shafa masa ruwa a leɓe. Na rufe masa ido, na zauna ina kallon agogo har ƙarfe biyu, lokacin da ya ce za ta gama. Sannan na buga mata waya a ɗakin kwanan ɗalibai.

"Anti Abiba! Farfesa ya ce sunana zai fito a takardar binciken. Ba Baba wayar!"

Na juya na dubi gadonsa.

"Anti?" Muryarta ta sauka. "Tun yaushe?"

Ta iso Asabar da kwat ɗin da ta yi jawabi da ita, katin sunanta na maƙale a ƙirji. Ta gaishe ni, ta wuce ɗakinsa. Ta zauna a bakin gadon da aka riga aka yaye zaninsa, ta cire takalmanta, ta jera su kusa da nasa.