Lado Yana Jiran Mawaƙi

Nasidi ya riƙe talabijin ta gefe ɗaya, Lado mai bidiyo ya riƙe ɗaya gefen, suka shigo da ita zauren ciki a karkace, domin ƙofofin gidajen Limancin Kona ba don irin wannan kaya aka gina su ba. La'asar ta yi sanyi, an shimfiɗa tabarmi, matan gida sun zauna daga baya. Hajiya Sailuba, mahaifiyar Nasidi, ta zauna gaba da carbinta.

Jalo, ƙanen Nasidi, ne ya rasu a hatsarin mota kan hanyar Kaduna, har an yi sadakar arba'in. Su biyu da abokansu suna da ƙungiyar kiɗa, Nasidi a kan ganga, Jalo a kan jita. Kiɗan nasu zalla ne, babu waƙa ko baiti ɗaya. Yakan faro a hankali kamar ba a so, ya yi ta hawa har ya cika kunne. Sau ɗaya tak suka yi wasa a gaban jama'a, a wani zauren taro a Samaru, kafin rasuwar da 'yan kwanaki. Kaset ɗin sautin da aka ɗauka ranar ya fito da kyau, amma da aka kunna wa Hajiya sai ta ce injin niƙan maƙwabta ya fi shi daɗi.

Ita ba kiɗa ta nema ba. Jalo bai bar hoto ba sai wani ɗan ƙarami na makaranta, kuma ta faɗa wa Nasidi cewa fuskar yaron ta fara ɓace mata. Shi ne ya yi mata alkawarin za ta gan shi yana motsi, tunda Lado ya ɗauki wasan a bidiyo. Bai duba kaset ɗin bidiyon ba, zuciyarsa ba ta iya ba.

Lado ya jona wayoyi yana ta cika baki, wai daga Gyallesu har Tudun Wada babu bikin da ya amsa sunansa sai da kyamararsa. Ya tura kaset.

Hoto ya fito tas. Makirfo ne a tsaye kan sandarsa a tsakiyar dandamali, wanda mai gabatarwa ya yi sanarwa da shi ya tafi. Bayansa baƙin labule. Jitar Jalo ta fara kuka a hankali, sai wata daga cikin matan ta ja numfashi. Nasidi ya jira kyamara ta juya. Ba ta juya ba.

Ya ce a tura gaba. Aka tura: makirfo. Aka sake turawa har inda kiɗan ya kai ƙarshen hawansa, ana jin jama'a suna tafi, makirfo yana nan tsaye shi kaɗai, an fito da shi fes kamar ango.

Nasidi ya ce, "Malam Lado, ina muke?"

Lado ya dubi talabijin, ya dube shi. Ya fara bayani da muryar mai gaskiya, cewa shi a aikinsa mawaƙi ake bi, makaɗa ba a ɓata kaset a kansu. Ya kafa kyamara daidai inda mawaƙi zai tsaya don kada fitowarsa ta wuce shi.

"Na zaci share fage kuke yi. Ina ta jira ya fito, sai na ga kuna naɗe wayoyi."

"Ba mu da mawaƙi."

"To ai ba wanda ya gaya mini," in ji Lado, amma muryar ta riga ta karye, don sai yanzu ya tuna dalilin taruwar. Ya cire hula ya rasa inda zai sa ta.

Nasidi bai iya ko fushi ba. Kunyar mahaifiyarsa ce ta rufe shi, ga tsohuwa ta yi wanka ta sa sabon mayafi don ganin ɗanta, shi kuma ya kawo mata sandar ƙarfe. Ya miƙa hannu zai kashe.

"Bari," in ji Hajiya.

Ta matso a kan gwiwoyinta har numfashinta yana taɓa gilashin. Can ƙasa, a kusurwar hagu, inda babu wanda ya kula, akwai wani abu yana shiga hoton yana fita. Yatsu huɗu ne a kan wuyan jita, da bakin hannun riga. Ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake.

"Ƙofa ce ta datse shi yana rarrafe," ta ce. "Ni na ɗaure masa."

Ta ajiye carbin a cinyarta, ta gyara zama, ba ta ɗauke ido daga kusurwar ba.

"Malam Lado, mayar mini da shi farko. Kada ka tura ko'ina."