Ranar da Nyai ta shiga tiyon Ngadiran

Idon ruwanmu na cikin kogo bai taɓa ƙafewa ba, ko a ranin da tafkuna suka tsattsage, kuma kowa a ƙauyen nan ya san albarkacin Nyai ne. Kifi ce doguwa kamar gaiwa, kaurinta ya kai damtsen ƙato. Mbah Kromo mai kula da kogon shi ke fasa mata ƙwai duk Juma'a. An ce ranar da ta mutu, ruwan zai bi ta.

A nan Ngadiran mai motar ruwa ke cika tankarsa yana kai wa ƙauyukan kan dutse. Rannan ina wanki a bakin kogon, kunnena a wajen mata, sai na ji injin jan ruwan da ke ɗaure a bayan motar ya canza murya, yana tari kamar tsohon mashayin taba. Nan take Ngadiran ya kashe shi.

"Iska ya sha," in ji shi. Ya bi tiyon da tafin hannu yana neman huda, ya ƙara ɗaure mahaɗar da robar taya, ya ɗura wa injin ruwa. Har ya kama igiyar tayarwa.

"Kai ɗan nan," na ce, "tun yaushe tiyonka ya koyi rawa?"

Tiyon na kwance a ƙasa, injin a kashe, amma yana lanƙwasa da kansa a hankali. Mata suka saki wanki. Ngadiran ya jawo bakin tiyon daga ruwa, sai ga shi tsirara, babu rariyar ƙarfen da ke tare shara.

Ni kuwa na san inda rariyar take, don da safe na gan ta a tsakar gidansa cike da waken suya. Matarsa Poniyem ta kwance ta, wai ta fi kwandonta tsane waken da take yin tempe da shi, wainar waken nan tamu. Na so in yi shiru, bakin ne ya ƙi.

Mbah Kromo ya durƙusa, ya ɗora kunne a jikin tiyon. Da ya ɗago, sai ya dubi Ngadiran.

"Nyai ce a ciki. Kanta bai fi taki ɗaya da farfelar injinka ba. In ta mutu a hannunka, kai da kogon nan har abada."

"Mbah, a yanka tiyon mana," wata ta ce.

"Wuƙa kusa da Nyai? A yanka naki wuyan dai!"

Ngadiran ya tsaya yana kallon tankar da ta kusa cika, ruwan da mutanen kan dutse ke jira tun jiya da jarkokinsu a jere. Sannan ya mayar da bakin tiyon cikin kogo, ya miƙar da shi sosai, ya sa mu mata muka tallafe shi a hannuwanmu kamar masu ɗaukar amarya. Ya cire hularsa.

"Nyai, a gafarce ni. Ga ruwanki nan, ki bi shi gida."

Ya murɗa makullin tankar kaɗan kaɗan, ruwan ya juyo da baya ta cikin injin. Wallahi na ji ta a tafin hannuna. Wani nauyi mai rai ya wuce ta cikin robar, santsi, ba gaggawa, daga hannun wannan zuwa na waccan. Wadda ke gefena kuka take ba sauti.

Wutsiya ce ta fara fitowa, sai jikin, yana ta fitowa kamar ba zai ƙare ba. Shekaruna duka a ƙauyen nan kanta kawai na taɓa gani. Ta yi kwance a ruwa mai haske, ta juyo da ƙananan idanunta kan Ngadiran, ta daɗe, sannan ta shige ƙarƙashin dutse.

Muka sauke tiyon a hankali.

Mbah Kromo ya fasa ƙwai biyu duk da ba Juma'a ba ce, ya ce wa Ngadiran ya sake cika tankarsa. Sai da aka aika gida aka karɓo rariyar tukuna. Poniyem da kanta ta kawo, kai a ƙasa, ɓawon wake na manne a ramukan. Yanzu da kwaɗo Ngadiran ke kulle ta a jikin tiyon.