Igiya a Ƙafar Gwadabe

A zamanin da gyaɗa take da daraja, kafin a datse ruwa a Tiga kogi ya rame, akwai wani dandamali na azara a mashigin da ke kusa da Ajingi, inda ake loda buhuna a kwalekwale. Nan Gwadabe yake zama da fatsarsa in ya taso daga gona. Manomi ne, bai iya iyo ba, kuma ba ya zama hannu sake. Sai ya ɗaure igiyar fatsa a idon sawunsa, hannuwansa suna tufkar rama. Haka ubansa ya yi, har ya koma ga Allah bai kama abin da ya wuce karfasa ba.

Ran nan da hantsi matarsa Hajara ta kawo masa fura. Tana cikin damawa sai ƙafarsa ta miƙe sak, ya faɗi rigingine, ya yi ta sulalewa bakin ruwa. Da ƙyar ya rungumo turken da ake ɗaure kwalekwale. Ruwa ya dare, giwan ruwa ya yi tsalle, kai kamar turmi!

"Hajara! Kin gan shi? Kin gan shi kuwa?"

Kabo mai fito yana tsallake, ya ƙwala ihu: "Yanke igiyar, baiwar Allah! Zai tafi miki da miji!"

Ta zari wuƙar da yake yankan rama da ita. Igiya ta riga ta nutse cikin nama, jini yana bin diddige, yatsunsa suna zamewa daga turken.

"Na haɗa ki da Allah kada ki yanke!"

"Malam, kifi ko rai?"

"Kifin!"

"Ai sai ka ci shi a lahira."

Amma ba ta yanke ba. Ta durƙusa, ido a kan ruwa, wuƙa a kan igiya. Can kifin ya juyo ta wajensu, igiya ta yi sanyi. Caraf ta cafke, ta nannaɗe a turken, ta ƙulle irin ƙullin da take yi wa akuyarta mai tsinke igiya. Da ya sake fizga, itace ya fizga. Dandamali ya girgiza, Gwadabe yana kwance yana dariya da hawaye.

Suka yi ta ja, su saki, su ja, har rana ta take tsaka. Kabo ya iso da mashi ya gama aikin. A jaki aka kai kifin gida, wutsiya tana share ƙasa, unguwa duk ta ci ta bar saura.

A kasuwar Gaya, in Gwadabe ya ɗage wando ya nuna tabon, sai ya ce shi kaɗai ya kama kifin. Hajara ba ta taɓa ƙaryata shi ba. Wuƙar dai ba ta mayar masa ba. Da ita ta yi ta yanka kuɓewa har ta rasu.