Cindon Tasalla

...gashin wutsiyar doki. Abin da Yaya Fadima ta ce ke nan, sili ɗaya. Na'Allah yana tsugune a gindin dalbejiyar tashar Isa, yana murza gefen ɗan ƙaramin yatsansa na hagu, wurin nan da ya yi tudu kamar ƙwayar dawa. Shekara arba'in da shida yana yawo da shi. Ya ɗauka tabon ƙurji ne. Wa ke zaunar da tabo ya tambaye shi asalinsa?

Motar kudu tana cika. Tabarmi, tukwane, tsofaffi. Damina biyu gero bai kai gwiwa ba, mutanen Turba sun cinye iri, sun ci anza har ta ƙare, saura hanya. Tana ciki. Mairama. Matarsa ta da, ga ta can saman kaya, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, yarinyar na jingine da ita. Ba su gan shi ba — ko sun gani?

Tasalla. Shekararta tara bana. Ranar da ta zo duniya ungozoma ta miƙo masa ita cikin zane, ya buɗe ɗan hannun... shida. Ya sake ƙirgawa. Shida, dama da hagu. Wata takwas da dawowarsa daga Maraɗi, takwas fa, ba tara ba. Kuma duk unguwar wa ke da cindo? Ɗanmusa tela, katanga ɗaya tsakaninsu, wanda in ya ɗaga hannu zai gaisa sai ka ga abin yana lilo. Me ya rage? Shi ba sakarai ba ne, dillalin awaki ne tun gemu bai fito ba, jini aikinsa ne. Jan bunsuru, jar akuya, jan ɗa. Uwa ta zuba rabi, uba ya zuba rabi, babu na uku da ke faɗowa daga sama. Sau nawa ya faɗa wa masu saye a kasuwar Sabon Birni, ku dubi uban, ku bar sauraron bakina? Mairama biyar. Ubanta biyar, ya ƙirga a kan akushi. Shi biyar. To daga ina?

Saki uku a zama ɗaya, ko suna ba a yi ba. Ta ce... me ma ta ce? "Na'Allah, ka ji tsoron Allah." Shi ke nan. Ba ta yi kuka ba, rashin kukan ma sai ya ɗauke shi shaida a kanta. Ɗanmusa ya yi rantsuwa gaban liman, shi kuwa ya tofar da yawu ya fice. Bawan Allah tela ya ɗaure kekensa na ɗinki ya bar garin, ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Da bakinsa ya yi wannan. Bakin nan, bakin nan da ba ya jiran kai...

Yau da hantsi. Ya kai wa Yaya ɗan kunun dusa, tana kwance. Shekara talatin tana aure a Tawa, fari ne ya koro ta gida watan jiya. Sakin Mairama kawai ta ji, ba ta ji dalili ba. Ta kama hannunsa za ta tashi, babban yatsanta ya sauka daidai wurin. Ta yi dariya, dariya fa! "Ashe yana nan? Ni na riƙe ka, Inna ta ɗaure da gashin doki, kwana ukku ya bushe ya hwaɗi. Baba ma haka. Kakanmu na Alkalawa ma haka. Gidanmu ba a barin shi ya kai suna, wai abin kunya na."

Abin kunya. Sun tsinke shi daga hannu, sun bar shi cikin jini. Ashe lissafinsa daidai ne, rabi uwa, rabi uba — uban ne bai san kansa ba. Akuyar da aka yanke wa kunne, ɗanta da kunne biyu yake fitowa, wannan ko makaho ya sani, shi da ke sayar da su! Inna, kin tafi da magana a bakinki. Kalma ɗaya, Inna. Ɗaya.

An ce ungozoma ta koma da zare za ta ɗaure na Tasalla, Mairama ta hana. A bar shi, in ji ta. Shekara tara yara suna yi wa yarinyar waƙa a bakin rijiya, uwar ta ƙi. Don me? Wa take jira ya zo ya gani?

Direba ya shiga. Injin ya yi tari, ya kama.

Tashi mana. Ka je ka ce me? Ni ne ubanki? Ku sauko? Su sauko ina — garken da babu ko kofato, rumbun da ɓera ya ƙaurace wa? Aure ya mutu mutuwar da ba gyara. In motar nan ta wuce Shinkafi, kudu faɗi gare ta, ba wanda zai ce masa ga inda suka sauka. Ya dafa dalbejiyar. Ya miƙe. Taku biyu, uku... yarinyar ta juyo, goshin Inna sak, tana kallonsa irin kallon da ake yi wa baƙo a tasha.

Ya ɗaga hannun. Sama, har kafaɗa ta yi ƙara.

Daga can, biyar za ta gani.