Gwajin Idon Tela

Tun da matarsa ta rasu, wurin zuwa ɗaya ya rage wa Tela. Duk Talata da Asabar, in rana ta yi sanyi, sai ya rufe ɗan shagonsa na ɗinki, ya turo tsohon babur ɗinsa daga soro, ya ƙetare gari ya je wurin Direba. Abokinsa ne tun suna samari. Direba ya sha jan manyan motoci kafin shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi, yanzu yana kwance a ɗakin baya na gidan da babban ɗansa yake haya.

"Tun daga bakin titi na ji kukan akuyarka," Direba yakan ce da bakinsa da ya karkace. "Har yanzu ba ka yanka ta ba?"

"Akuyar da take kawo ni wurinka? Kai ina girman motar taka ya kai ka? Ga ka nan a katifa."

Sai su yi ta dariya har tari ya sarƙe Direba. Tela ya gyara masa matashi, ya riƙe masa kofin shayi, su ɗauko hirar mutanen da yawancinsu ƙasa ta rufe.

A rediyon shago ya ji sabuwar dokar. An ce haɗarin babur ya yi yawa, don haka kowa ya sabunta lasisi, kowa ya sa hular kwano, ba goyon fiye da mutum ɗaya. Wanda kuma ya haura sittin, sai an gwada idonsa, an ga tuƙinsa, kafin a ba shi sabon kati. Tela bai damu ba. Ya sayi hula, ya ce wa mai shagon kusa da shi, "Mutumin da ya tsufa yana zura zare a allura, wa zai gwada masa ido?" Maƙwabcin kuwa ya sha ganin Tela yana laluben kafar allura da ɗan yatsa, kuma ya san Tela ya daɗe da daina karɓar ɗinkin baƙin yadi.

Ofishin lasisi cike yake da samari, kowa da sabuwar hula a cinya, suna ta tsokanar juna. Da suka ga furfura suka matsa masa a benci, "Baba, zauna nan," sannan suka ci gaba da hirarsu ta saman kansa. Da layi ya zo kansa, wata jami'a mai sanyin murya ta zaunar da shi, ta nuna masa allo a jikin bango.

"Rufe idon hagu, Baba. Karanta min."

Ya karanta babban harafin sama. Na ƙasansa ya yi masa kamar an tsoma shi a ruwan shinkafa. Ya murza ido, ya karkata kai, ya yi canke.

"To, rufe na dama."

Wannan karon allon ma da ƙyar ya rarrabe shi da bangon.

"Hasken ɗakin nan ne bai isa ba, 'yata."

Ba ta yi masa musu ba. Ta tashi ta buɗe taga, ta ce ya sake. Bai sake zani ba.

"Baba, ni ba likita ba ce, amma ka je asibitin ido. In sun gyara, ka dawo, ƙofa a buɗe take. Da me ka zo?"

"Da babur."

"Don girman Allah ka tura shi, kar ka hau."

Ya fito ya tsaya a jikin babur ɗin, har ya ɗora ƙafa zai tayar. Sai ya tuna kwanakin baya da ya ɗauki wata mata mai goyo a matsayin inuwar bishiya, sai da ta yi ihu ya taka birki. Ya sauke ƙafar. Haka ya tura shi har gida, hula rataye a madubi, masu babura suna wuce shi suna tambaya, "Baba, mai ne ya ƙare?"

Ya kira Auta, 'yarsa guda da ta rage, wadda take aure a wani gari mai nisa. Ta ce, "Ai na daɗe ina faɗa maka, Baba." A asibiti aka ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, aiki za a yi, amma sai ya jira layi.

Ya gwada zuwa wurin Direba a bas. Sai ya hau bas biyu, sannan ya taka da ƙafa daga inda ta biyun take sauke mutane, ga gwiwa ba ta da ƙwari. Ba ya iya karanta lambar bas, sai ya tambayi na kusa da shi, wani ya amsa, wani ya yi kamar bai ji ba. Zuwan farko ya isa har Direba ya sha magani barci ya kwashe shi. Tela ya zauna a bakin katifa yana kallon ƙirjinsa na hawa da sauka, sannan ya tashi don kar bas ta ƙare masa. Zuwa na biyu ya same shi ido biyu.

"Ban ji ka ba yau," in ji Direba. "Kamar ɓarawo ka shigo."

"Hukuma ta ce ba na gani."

"Sai yau ta sani? Tun ranar da ka zaɓi wannan babur na san ba ka gani."

Sun yi dariya, amma ba su kai ga shayi ba, lokacin komawa ya yi. Daga nan zuwan ya koma sau ɗaya a mako, ya koma sai in gwiwa ta yarda.

Da ranar aikin ido na farko ta zo, Auta ta zo ta yi masa 'yan kwanaki. Ta share gidan lungu-lungu, ta wanke labulen da tun rasuwar uwarta ba a taɓa ba, ta ɗiga masa magani, ta yi ta faɗa a kan gishiri. Gidan ya ɗauki motsi. Sannan mijinta ya kira, yara sun dame shi, ta haɗa jakarta. Likita ya ce ba fita rana, ba ɗinki, ba sunkuyo. Tela ya kwanta a ɗaki da auduga a ido, yana sauraron babura a titi, yana rarrabe wanda sarƙarsa ta saki da wanda mai shi bai iya sa giya ba.

A cikin kwanakin nan ne ɗan Direba ya kira. An yi masa canjin wurin aiki, za su tashi ƙarshen mako, da tsohon za su tafi.

"Ga shi nan, Baba, bari in kara masa a kunne."

Tela ya ji numfashi, sannan maganar da a gaba da gaba yakan gane ta da kallon baki, amma a waya ta dunƙule ta zama gurnani. Direba ya yi ta magana, doguwa. Tela yana ta cewa, "To. To, na ji. Haka ne." Bai tsinci kalma ko ɗaya ba.

Bayan an yi ido na biyu ya warke, ya koma ofishin. Jami'ar nan ce dai, amma ba ta gane shi ba. Ya karanta allon har kusa da layin ƙasa. A fili aka jera robobi, ya ratsa tsakaninsu da babur a hankali bai taɓa ko ɗaya ba, samarin da ke jira suka tafa masa, "Sai Baba!" Aka miƙo masa kati mai hotonsa, ya ga ashe haka ya tsufa.

Ranar Asabar ya wanke babur, ya sa hula, ya kama hanyar da ya saba, duk da ya san abin da zai tarar. Garin ya fito masa tas. Ashe an yi wa gadar fenti, ashe shagon da yake ɗauka na magani na takalma ne. A ƙofar gidan wata mata ce take shanya kayan yara. Ta tagar ɗakin baya ya hango buhuna da tsohuwar fanka an jingine.

"Sannu, Baba. Wa ake nema?"

"Ba kowa, 'yata. Waɗanda suka tashi na sani."

"Ayya, ba mu same su ba. A kawo ruwa?"

Ya ce a kawo. Ya sha a tsaye, ya yi godiya, ya juya babur.

Yana cin abinci a tsakar gida Auta ta kira.

"An ce ka samu lasisi! Ina ka je da shi?"

"Na ɗan zaga gari."

"Ka dai riƙa tafiya a hankali. Ya Baba Direba, kana jin labarinsa?"

"Ɗan nasa ya ce yana nan. Ina so in damina ta wuce in hau mota in..."

Wani yaro ya fasa kuka a bayanta. "Baba, bari in duba wannan, zan kira ka."

"To, je ki," in ji shi. Ya ajiye wayar a gefen tabarma, inda zai ji ta in ta yi ƙara, ya ci gaba da cin abincinsa.