Tulunan da Adda Ma'u Ta Cuɗe

Duk Roni babu wanda bai san Ɗayyabu ya sayar da bijiminsa ya sayo bindigogin wasa ba. Matan unguwa kuwa sun samu abin taunawa, daga wajen niƙa har gidan suna.

Bindigogin ba na kisa ba ne. Ƙwallon fenti suke harbawa, ƙanƙane kamar ɗan kurna, in ya same ka ya fashe ya ɓata maka riga. A Kano ya ga samari suna biya don su harbi junansu, ya ce me zai hana a yi a gindin duwatsun Roni. Ya sayo guda shida na hannu, da hulunan rufe fuska, da raga. Fili kaɗai ya rasa, sai ya je ya durƙusa gaban Baffa Sama'ilu, wan mahaifinsa, ya roƙi aron saurar da ke bayan dutse. Baffa ya daɗe yana juya maganar kafin ya ce, "Na ara maka. Amma shanuna a nan suke wucewa. Abin nan ya taɓa min dabba, ka kwashe."

To, kowace bindiga tana da ɗan tulun gas da ake ɗaura mata a baya, a kwance. Gas ɗin nan rabinsa ruwa ne a ƙasa, iska a sama, bindiga kuma iskar kaɗai take so. In ta zuƙi ruwan sai ta haukace, ta yi sanyi ƙarara, ta fesa farin hayaƙi, ta harba ƙwallo da ƙarfin da zai tsallake raga. Don haka Ɗayyabu ya kwance kan kowane tulu, ya sa masa siririn bututun tagulla a ciki, ya lanƙwasa bakin ya kalli sama. Abin haushin shi ne, in ka murɗa tulu a bindiga, kowace bindiga da inda take tsayar da shi. Bututun da ya kalli sama a wannan, a waccan ƙasa zai kalla. Kenan kowane tulu da mijinsa, ba a yi masa musaya. Ɗayyabu ya sayo jan farce a kasuwa, ya ja layi a wuyan kowane tulu daidai inda bakin bututun yake, ya ɗiga masa alamar bindigarsa. Sannan ya kai su Kano aka cika, ya dawo ya ajiye kowanne kusa da bindigarsa a ɗakin shiga gida.

Ranar buɗe wasa da safe ya tafi saura ya kafa raga. Da ya dawo ɗaukar kaya sai ya tarar da tuluna shida a tsakar gida, an jera su a kan tabarma daga babba zuwa ƙarami, suna sheƙi kamar kwanukan amarya. Layi ya tafi, ɗigo ya tafi. Yayarsa Adda Ma'u na zaune a gefe tana ɗauraye soson ƙarfe, toka har gwiwar hannu.

Adda Ma'u ce ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Mace ce da ko ƙwaryar maƙwabta ta gani da dauɗa sai hannunta ya yi ƙaiƙayi. A gidansu kuma, tun zamanin kakarsu, baƙo ba ya ganin mazubin da ba a cuɗe ba.

"Adda, wa ya taɓa min waɗannan?"

"Aljanu. Wa kake gani da toka a hannu?"

"Jan da ke wuyansu fa?"

"Ai shi ya fi ba ni wahala. Ko jinin me ka shafa musu, oho. Baƙi za su zo tun daga Kazaure su ga kayanka kamar an tsamo daga juji, a ce ba ka da 'yar'uwa a gida?"

Ɗayyabu ya ji kansa ya ɗau zafi. Ya ɗauki tulu ɗaya ya juya shi a rana, ya juya, ko ɗan jan da ya maƙale a lungu babu. Matar nan ba ta aiki rabi.

"Adda, alama ce. Akwai bututu a ciki, ita ke nuna min inda ya kalla."

"To buɗe ka gani mana."

"In na buɗe gas ɗin ya tsiyaye. Ba a cikawa sai a Kano."

"Kai ka sani. Abin da kake da alama a kai sai ka bar shi a ƙofar ɗaki ba ka gaya wa kowa ba? Bakinka ciwo yake? Ni da na ɓata safiyata, ko sannu ban samu ba."

"Sannu," in ji shi, haƙora a cije.

"Riƙe kayarka."

Mai hankali da sai ya ɗaga wasan. Amma motar samarin Kazaure ta riga ta taso, ya kuma sha alwashi a gari, masu jiran su ga faɗuwarsa sun fi masu yi masa addu'a yawa. Ya ɗora kayan a babur ya nufi saura yana zagin soson ƙarfe da wanda ya ƙirƙiro shi. A can ya yi ta murɗa tuluna yana gwadawa a jikin dutse. Wanda ya fesa farin hayaƙi ya cire ya sauya masa bindiga, ya sake gwadawa, har duka shidan suka harba lafiya. Sai dai shi a tsaye yake gwadawa, bindiga a miƙe. Bututun da ya kalli gefe ba ya nuna halinsa sai an karkata. Ya san da haka sarai. Ya dai ce Allah ya kiyaye, ya raba huluna.

Da farko abin ya yi kyau. Samari suna ɓuya a bayan duwatsu suna ɓarin fenti, mutanen gari sun cika bayan raga, har Adda Ma'u ta zo da ƙwaryar fura ta baƙi, ta tsaya a inuwa tana taɓe baki. Ɗayyabu ko kallonta bai yi ba.

Can sai wani dogo cikin baƙin, Musaddiƙ, ya kwanta a gefensa a bayan dutse ya karkata bindiga don ya leƙo abokinsa. Bindigar ta yi wata ƙara da ba irin ta sauran ba, farin hayaƙi ya turnuƙe, ƙwallaye suka tsallake raga suka wuce can burtali. Daidai lokacin kuwa shanun Baffa ke dawowa daga shan ruwa, Baffa na biye da su. Farar saniyarsa mai ciki, wadda ko 'ya'yansa ba ya bari su daka, ta sha biyu a haƙarƙari. Ta zabura ta watsa garken, ta yi cikin gonar gyaɗar mutane da shuɗin fenti a jiki.

Da ƙyar aka taro ta. Baffa ya shafa wurin, ya ga ya kumbura amma bai fashe ba. Ya shinshina fentin, ya goge a tafin hannu ya ga yana fita. Fuskarsa ta ɗan sauko. Wallahi da Ɗayyabu ya durƙusa ya yi shiru, da maganar ta mutu a nan, don Baffa har ya fara cewa, "Tunda dai bai huda ba..."

Sai Adda Ma'u ta ce daga inuwa, ba da ƙarfi ba ma, "Dama ai na faɗa, abin nan ba alheri."

Abin da Ɗayyabu ya haɗiye tun safe ya taso masa gaba ɗaya. Ya juya ya nuna ta da yatsa, a gaban baƙi, a gaban gari.

"Ke Ma'u, rufe min baki. Ba ke kika jawo ba? Wa ya aike ki? Kullum hannunki na cikin abin da bai shafe ki ba, ke da sosonki na tsiya."

Ko samarin Kazaure sun sunkuyar da kai. Adda Ma'u ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali, ta gyara mayafinta, ta kama hanyar gida.

Baffa ya saki saniyar. "Wa ka kira Ma'u?"

"Baffa, ita ce ta goge min alamar..."

"Ban tambaye ka alama ba. Wadda ta goye ka ce kake kiran sunanta gatsal, kana nuna ta da yatsa? Ni ina tsaye?"

"Baffa, a yi haƙuri, raina ne ya ɓaci."

"Ka san alamar ta goge tun kafin ka ba mutane bindiga?"

Ɗayyabu ya kawar da kai.

"Ka sani. To saniya zan iya yafewa. Wannan kuwa ba a filina ba. Kafin la'asar in ga babu ko tsinken raga a nan."

Baƙi suka tuɓe huluna suka shiga motarsu, Musaddiƙ na ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. Ɗayyabu ya tsaya shi kaɗai yana tumɓuke turakun da ya kafa da safe, kowanne ya cire sai ya maka shi da ƙasa.

Da yamma ya je wajen Baffa, Baffa ya ce ba shi zai ba haƙuri ba. Ya shiga gida ya durƙusa a ƙofar ɗakin Adda Ma'u, ya daɗe kafin ta ɗaga labule.

"Adda, ki yafe min."

"Na yafe. Tashi, kar ka ɓata wando."

"To ki taimaka ki yi wa Baffa magana a kan saurar."

"Saura kam ta tafi. Ya riga ya ba surukinsa zai zuba wake." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kuma ko yanzu ka tambaye ni, tulunan nan da dauɗa suke."

Ta saki labulen. Ɗayyabu ya miƙe, ya wuce akwatin bindigoginsa da ba su da wurin zuwa, ya fita waje ya samu wani tsohon bokiti ya yi ta ƙwallo da shi har ƙarshen layi.